Tsohuwar Na'urar Faifai Mai Bel: A Gyara ko A Haƙura?

A shekarar 2022 an sayar da faya-fayan garmaho kimanin miliyan 41 a Amurka, faya-fayan CD kuwa miliyan 33. Rabon da baƙin faifai ya sha gaban CD a yawan faya-fayan da aka sayar a ƙasar tun 1987. Abin da mutane suka ɗauka zamaninsa ya shuɗe ya sake samun kasuwa, kuma dawowar tasa ta farfaɗo da wata tsohuwar gardama a tsakanin masu sha'awar sauti. Tsofaffin na'urorin juya faifai masu bel, waɗanda aka ƙera shekara arba'in ko hamsin da suka wuce, sun cancanci mutum ya mallake su, ya riƙa kashe musu kuɗi da lokaci? Ko kuwa ƙaunar tsohon abu ce kawai ke rufe wa masu su ido?

Kafin a shiga hujjojin ɓangarorin biyu, ya kamata a san a kan me ake jayayya. Aikin na'urar faifai ɗaya ne tak: ta juya faranti da gudu madaidaici, sau 33 da sulusi a minti ga babban faifai, sau 45 ga ƙarami, ba tare da wata girgiza ta kai ga allura ba. Allurar nan tana bin wani tsagi ne da ya fi silin gashi siranta, kuma ba ta iya bambance motsin waƙa da motsin inji. Duk abin da ya girgiza ta, za ta aika wa sifika. Hanyoyi uku aka bi don juya farantin. Ta farko ita ce ƙaramar tayar roba da ke shiga tsakanin inji da faranti, irin wadda ke cikin Garrard 301 na 1954 da kuma yawancin manyan rediyoyi masu faifai da aka sani a falukan da. Ta biyu ita ce bel: a ajiye injin a gefe, a zagaya siririyar roba daga kansa zuwa faranti. Ta uku ita ce juyi kai-tsaye, inda farantin ke zaune a kan injin kansa, wadda kamfanin Matsushita na Japan ya fito da ita da sunan Technics SP-10 a 1970.

Hanyar bel ta samu gindin zama ne a 1961, lokacin da Edgar Villchur na kamfanin Acoustic Research a Amurka ya fitar da na'urarsa. Dabararsa ita ce ya ɗaure faranti da hannun allura a kan ƙarfe guda, ya rataye su a kan sifirin uku, ya bar injin a jikin akwatin waje. Babu abin da ya haɗa su sai robar. Kamfanin Thorens ya bi wannan tsari da TD-150 a 1965 da TD-160 a 1972, sannan Ivor Tiefenbrun ya fitar da Linn Sondek LP12 a Sikotlan a farkon shekarun 1970. Roy Gandy a Ingila ya ɗauki wata hanyar daban da Rega Planar 3 a 1977: babu sifirin, sai katako mara nauyi mai tauri da farantin gilashi. Waɗannan su ne ake nufi idan an ce tsofaffin ƙirar bel, tare da 'yan'uwansu masu sauƙin kuɗi irin su Pioneer PL-12D na Japan da Dual CS 505 na Jamus.

Masu goyon bayan tsohuwar na'ura suna farawa ne da shiru. Roba tana shanye kaɗawar inji kafin ta isa faranti, sifirin kuma yana tare girgizar da sifika ke mayarwa ta cikin tebur. Suka ce shi ya sa idan mawaƙi ya numfasa tsakanin baiti da baiti ba ka jin wani gurnani a ƙarƙashin muryarsa. Hujjar gaskiya ce, amma ba ita ce mafi ƙarfi ba, domin na'ura mai juyi kai-tsaye da aka ƙera da kyau ita ma shiru take yi.

Hujjarsu da ta fi nauyi a wurina ita ce ta gyara. Buɗe ƙasan Thorens TD-160 ka gani: ɗan inji, kafasito, makunni, sifirin uku, sandar tsakiya da ramin da take juyawa a ciki. Shi ke nan. Duk wanda ya taɓa kula da keken ɗinki, ya san sa masa mai da canja masa bel, ya riga ya san rabin aikin. Ragowar rabin kuma mai gyaran rediyo na unguwa zai iya. Babu wani sashe da aka rufe sirrinsa. Na'urori masu juyi kai-tsaye na ƙarshen shekarun 1970 kuwa sun dogara ne da ƙananan ƙwaƙwalwar lantarki da masu gyara ke kira IC, waɗanda kamfanonin suka ƙera wa kansu kaɗai, aka kuma daina yin da yawa daga cikinsu tuntuni. Idan ɗaya ya ƙone, sai dai a nemi wata matacciyar na'ura irinta a ciro. Wasu na kamfanin Denon ma suna auna gudunsu ne da wani zanen maganaɗisu a cikin bakin faranti, wanda in ya karce babu mai mayar da shi. Mai bel ba ta da irin wannan mutuwar. Ciwonta a fili yake, maganinta ma haka.

Ga kuma batun kayan gyara. Har yau ana ƙera Linn LP12, kuma kamfanin yana sayar da sassan da za a ɗora wa wadda aka saya shekara arba'in baya. Rega na nan yana yin bel da injin da suka dace da tsofaffin na'urorinsa. Ƙananan masana'antu a Turai da Amurka da Asiya suna yanka bel na kusan kowace ƙira da aka taɓa yi. Allura ma ba ta yanke ba. Ko da yake Shure ya daina yin kan allura a 2018, Ortofon da Audio-Technica na ci gaba, kuma yawancin hannuwan tsofaffin na'urori suna karɓar kowane kan allura mai kusoshi biyu.

Akwai wani abin da ba a cika lura da shi ba. Yawancin sababbin na'urorin da ake sayarwa yau ga masu sauraro a gida, daga Pro-Ject Debut zuwa Rega Planar 1 zuwa Audio-Technica AT-LP60, su ma masu bel ne. Ke nan ƙirar ba ta tsufa ba, jikin ne ya tsufa. Tambayar ta koma tsakanin tsohon jiki da sabon jiki na ƙira ɗaya, kuma a nan tsohon yana da abin faɗa. An yi shi ne a zamanin da faifai ke riƙe da mafi yawan kasuwar waƙa, ana ƙera na'urori dubbai bisa dubbai, saboda haka kamfani na iya sa farantin ƙarfe mai nauyi da sandar tsakiya da aka goge da kyau a cikin na'urar da ma'aikaci zai iya saya. Samun irin wannan ƙarfe a sabuwa yau sai an hau sama sosai a farashi. Su kuwa ƙananan na'urorin nan masu kamar akwatin tafiya da suka cika kasuwa, allurarsu kan danne faifai da nauyin giram biyar ko fiye, alhali hannu mai kyau giram ɗaya da rabi zuwa biyu yake buƙata. Faifan da ba a sake buga irinsa bai kamata a miƙa shi ga irin wannan allura ba.

To, ɓangare na biyu ba su zo hannu rabbana ba. Abin da suke fara ɗagawa shi ne gudu. Roba tana miƙewa, tana santsi, tana sakin jiki. Idan ta fara gajiya, sautin da ya kamata ya tsaya cak, kamar na goge ko algaita da aka ja, sai a ji yana ɗan lilo. Technics SL-1200MK2 na 1979 yana daidaita gudunsa da ɗan dutsen nan da ke cikin agogon batir, kamfanin ya ce rawar gudunsa ba ta wuce kashi 0.025 cikin ɗari ba, kuma yana kai wa cikakken gudu cikin ƙasa da sakan ɗaya. Yawancin masu bel na zamaninsa ba su kai nan ba ko suna sababbi. Wannan ne ya sa gidajen rediyo da masu kiɗan DJ suka rungumi juyi kai-tsaye ba su waiwaya ba. Kuma maganar cewa irin waɗannan ba sa gyaruwa ba ta hau kan kowa ba: SL-1200 ya yi suna wajen jure wahala, an yi ta ƙera shi har 2010, aka sake dawo da shi a 2016, kayan gyaransa kuma suna ko'ina.

Sai batun wuta, wanda shi ne ya fi shafar mai karatu a Kano ko Zinder ko Kumasi, kuma shi ne wanda mujallun Turai ba su damu da shi ba don ba ciwonsu ba ne. Da yawa daga cikin shahararrun na'urori masu bel, har da AR da Thorens TD-160 da tsofaffin Rega, suna amfani ne da injin da ke ɗaukar gudunsa daga bugun wutar lantarki kanta. Wutar Nijeriya da Nijar da Ghana, kamar ta Turai, tana kai-komo sau 50 a sakan. Ta Amurka sau 60 take yi, ƙarfinta kuma 120 ne, namu 230. Wanda ya sayi na'urar gwanjo da ta fito daga Amurka, ya sa mata tiransifoma mai rage wuta, ya kare ta daga ƙonewa ne kawai. Za ta riƙa juyawa da kashi biyar cikin shida na gudunta, wato wajen sau 28 a minti maimakon 33 da sulusi, sai muryar mawaƙi ta yi kauri ta ja ƙafa. Maganin shi ne a canja ɗan dunƙulen ƙarfen da bel ke hawa a kan inji, a sa na ƙasashe masu 50, in an samu.

Ko na'urar ta Turai ce, matsalar ba ta ƙare ba. Ƙaramin janareto ba ya riƙe bugu 50 daidai. In an kunna firji ko dutsen guga sai ya sauka, in an kashe ya hau. Janareton da ke bugu 52 zai sa faifai gudu da ƙarin kashi huɗu cikin ɗari, abin da kunne mai kyau zai ji nan take. Sitabilaiza ba ta magance wannan, domin ƙarfin wuta take daidaitawa, ba bugunta ba. Abin da ya fi ɓatar da mutane shi ne takardar nan mai zane-zane da ake ɗorawa a faranti don duba gudu. Idan fitilar da ake haska ta da ita tana kan wutar da injin yake sha, su biyun tare za su kauce, zanen ya nuna komai lafiya alhali ba lafiya ba. Hanya mafi aminci ita ce a manna ɗan alama a bakin faranti a ƙirga da agogo: juyi 100 cif cikin minti uku.

Yanayi ma ba ya tausaya wa roba. A ƙasashe masu sanyi akan ce a canja bel bayan 'yan shekaru. A ɗakin da zafin bazara ke haura digiri arba'in, robar za ta bushe ta tsage da wuri, wata kuma ta narke ta zama baƙin danƙo a jikin faranti. Ƙurar hunturu tana shiga ramin sandar tsakiya ta gauraya da mai ta riƙa cin ƙarfen a hankali. Kuma bel ba abu ne da za a yanko daga tsohon tubun keke ba. Kaurinsa yana cikin lissafin gudu, wanda ya fi na asali kauri zai ƙara sauri, wanda ya matse da yawa zai ja injin gefe ya kai girgiza faranti. Sai an yi odar na ainihi daga waje, kuɗin aiko shi kan fi kuɗinsa.

Masu suka sun ƙara da cewa tsohuwar na'ura tana ɓoye ciwonta ga mai saye. Fentinta na iya sheƙi alhali sandar tsakiya ta yi shekaru tana juyawa babu mai, ko boris ɗin hannu sun yi lakwas saboda faɗuwa a cikin kwantena. Waɗannan biyun su ne ran na'urar, kuma gyaransu ya fi ƙarfin mai gyaran unguwa. Masu sifirin kuma suna son hannun gwani: in ba a daidaita ukun ba, faranti zai karkace, allura ta riƙa cin gefe ɗaya na tsagi. Sannan ba na'urar kaɗai ake saya ba. Allura tana ƙarewa bayan sa'o'i ɗari biyar zuwa dubu na aiki. Sautin da kan allura ke fitarwa kuma ɗan mitsitsi ne, sai an sami amfilifaya mai mashigar faifai ko wani ƙaramin akwati na musamman da zai ɗaga shi, abin da yawancin kayan sauti na yanzu ba su da shi. Suka ce in an tara wannan duka, me ya sa mutum ba zai saurari waƙarsa a waya ba ya huta?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ya kamata a tsaya a kanta, domin ita ce ke raba wanda na'urar ta dace da shi da wanda ba ta dace ba. Wanda ba shi da faifai ko ɗaya, kuma waƙoƙin da yake so duk suna intanet, ba shi da dalilin ɗaukar wa kansa wannan ɗawainiya. Ban yarda da masu cewa faifai ya fi kowace hanya ingancin sauti ba. Ma'auni bai nuna haka ba, kuma hujjar da aka gina a kan abin da ba gaskiya ba tana raunana sauran hujjoji masu kyau. Amma ba kowace waƙa ce ke intanet ba. Kamfanoni irin su EMI da Decca da Philips sun yi shekaru suna buga faya-fayai a Nijeriya, kuma muryoyin mawaƙan Arewa irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos sun hau baƙin faifai. Yawancin abin da ke yawo a wayoyi na irin waɗannan waƙoƙi an kwafo shi ne daga kaset zuwa kaset har sautin ya dushe. Faifan asali da ke kwance a akwatin wani tsoho ko ma'ajin wani gidan rediyo na iya zama shi ne mafi tsabtar kwafin da ya rage. Irin wannan faifai yana buƙatar na'ura mai shiru da hannu mai sauƙi, wadda za a saurare shi da ita, a kuma kwafe shi zuwa kwamfuta ba tare da an ƙara masa rauni ba. A nan tsohuwar mai bel da ke cikin ƙoshin lafiya tana yin aikin da akwatin roba na zamani ba zai yi ba. Kuma ba tsofaffin faya-fayai kaɗai ba: a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga kiɗan Mamman Sani na Nijar a kan faifai, tare da wani tarin waƙoƙin finafinan Hausa.

Sai dai a kula da wani abu a nan. Tsofaffin faya-fayan garmaho na ainihi, masu nauyi masu saurin fashewa, sau 78 suke juyawa a minti, kuma tsaginsu ya fi faɗi, allura daban suke so. Thorens TD-160 da Rega Planar 3 gudu biyu kawai suke da shi, LP12 na farko ma ɗaya. Wanda gadonsa irin waɗancan faya-fayai ne, ya nemi na'urar da ke da gudu na uku.

Da na auna ɓangarorin biyu, sai na ga yawancin sukar gaskiya ce, amma kusan kowace tana da magani mai iyaka. Matsalar wuta tana warwarewa da inbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta daga batir, wadda gidaje masu sola sun riga sun mallaka, domin ita da kanta take ƙirƙirar bugunta 50 ba ta jiran janareto. Akwai kuma masu bel da ba su dogara da bugun wuta ba tun asali: Thorens TD-125 na 1968 yana da nasa madaidaicin gudu na lantarki, haka ma na'urorin Japan da dama na ƙarshen shekarun 1970 masu ɗan maɓallin gyara gudu a gefe. Matsalar roba tana warwarewa da sayen bel biyu a lokaci guda, a ajiye ɗaya a leda a wuri mai sanyi da duhu. Ƙura kuma murfi da ƙyalle ne maganinta. Ɗakunanmu masu daɓen siminti ma sun fi dacewa da na'ura mai sifirin fiye da benayen katako na Turai, inda takun mutum ke sa allura tsalle. Abin da ba shi da magani mai sauƙi shi ne sandar tsakiya da ta cinye da hannun da ya lalace, sai kuma na'urar da tun ranar da aka ƙera ta ba ta da kyau. Shekarun 1980 sun cika da masu bel na roba zalla, marasa nauyi, masu haƙoran leda da ke tsagewa, waɗanda aka haɗa da rediyo da kaset a sayar tare. Tsufa bai ƙara musu daraja ba, kuma kuɗin da za a kashe musu asara ce.

Saboda haka hukuncina shi ne: tsohuwar na'ura mai bel ta cancanci a mallaka a kuma kula da ita, ga wanda yake da faya-fayai, idan ta fito daga ƙira mai kyau kuma ƙashin bayanta lafiya yake. Wanda zai saya ya cire bel ɗin ya juya farantin da hannu. In ya daɗe yana juyawa shiru, bakinsa ba ya hawa da sauka, sandar lafiya take. Ya riƙe hannun allura a hankali ya ji ko yana kwankwasa a gindinsa. Ya duba bayan akwatin ya ga an rubuta 50 ko 60. In zai ɗauke ta zuwa gida, ya cire faranti da ɗan nauyin bayan hannu ya naɗe su daban. Wanda kuma aikinsa kiɗan biki ne ko gidan rediyo, ko ba shi da haƙurin sa mai da ƙirga juyi, ya nemi mai juyi kai-tsaye, babu laifi a cikin haka.

Kira na musamman ga waɗanda suka gaji irin wannan na'ura a gida, tana kan kabad ƙura ta rufe ta, an ce ta mutu don farantin ba ya motsi. A kunna ta a kasa kunne. In ana jin injin yana juyawa, mai yiwuwa bel ne kawai ya tsinke. Kada a ba masu sayen tsofaffin ƙarafa ita kafin mai gyara ya buɗe ya duba, kuma kada a ɗora mata faifai mai daraja sai an canja allura.